A MAI DA DAMISA GIDA, AMMA INA GIDAN?

Ran Litinin da ta wuce ina zaune a rumfar wani dattijo mai sayar da hatsi a Kasuwar Monday ta Kakuri, sai ga wani yaro ɗan dako ya zo da wayarsa yana nuna wa mutane wani bidiyo. An ɗauko damisa cikin keji a bayan mota, an kai ta bakin daji a wata ƙasa, an ja ƙofar da igiya daga nesa, ita kuwa ta yi tsalle ɗaya ta shige ciyawa, masu kallo suna tafi. Yaron ya miƙo mini wayar, ya ce, "Malam, dubi abin da a ke yi a ƙasashen da suka san ciwon kansu. Mu me ya hana a yi mana haka a dajin Birnin Gwari?"

Kafin in buɗe baki sai dattijon ya ajiye mudunsa. Shi mutumin wani ƙauye ne na ƙasar Birnin Gwari, tashin hankali ya koro shi Kaduna da iyalinsa. Ya ce, "Yaro, ita damisar an mai da ita gida. Ni fa? Shekarata shida ban kwana a garinmu ba."

Jama'a, tun ran nan maganar mutanen nan biyu ta ke yi mini yawo a zuci, domin kowannensu yana da gaskiya. Ni ina goyon bayan a mai da damisa daji. Ba a halicce ta don keji ba, ba kuwa don a shimfiɗa fatarta a zauren wani mai hali ba. Amma kafin a ja igiyar kejin nan, akwai tambayar da tilas a amsa, watau ina gidan da za a mai da ita, wa ke cikinsa yanzu, kuma wa zai biya akuyar da za ta kama?

Bari mu fara da inda damisa ta kwana a ƙasarmu. Kakana ya kan ba mu labari cewa a zamanin ƙuruciyarsu, a duwatsun kudancin Zazzau, ba a barin akuya a waje in rana ta faɗi, kare ma a ɗaka ya ke kwana. Yau ka zaga Kakuri da Makera da Barnawa da Sabon Tasha, ka nemi mutum ɗaya wanda bai kai shekara hamsin ba da ya taɓa ganin sawunta, ka ga in za ka samu. A nan Kaduna ma in ka ce Damisa, abin da dattawa su ke tunawa shi ne sunan atisayen sojojin nan na daren 15 ga Janairu 1966, ba dabbar ba. A 2025 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke neman ƙarewa, wadda a ke kira IUCN, ta sa damisar Afirka ta Yamma cikin waɗanda ke bakin halaka, aka ce manyan da suka rage a yankin duka ba su wuce kimanin 350 ba. Ku auna wannan da kanku. Motocin haya ashirin na Kasuwa zuwa Sabo sun kwashe su sarai.

A Nijeriya ɗaya daga cikin wuraren da a ke da shaidar tana nan shi ne gandun dajin Gashaka Gumti, can tsakanin Taraba da Adamawa a kan iyakar Kamaru, wanda ya fi kowane gandu girma a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000. A 2018 masu bincike daga gidan dabbobi na Chester a Ingila suka fito da hotunanta, waɗanda na'urorin da suka ɗaure a jikin itatuwa suka ɗauka. 

To, me ya cinye ta? Da fari dai fatarta. A 1962 matar shugaban Amurka, Jacqueline Kennedy, ta fito da rigar fatar damisa, sai matan masu kuɗi na Turai da Amurka kowace ta ce sai ta sa irinta. A 1968 kaɗai an shigar da fatu fiye da 9,000 Amurka. Maharbin ƙauye ya sa ransa a hatsari a ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, dillali ya ci, mai kanti a can ya ci, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1975 yarjejeniyar duniya ta CITES ta fara aiki, ta hana cinikin fatar tsakanin ƙasa da ƙasa, Nijeriya kuwa tana cikin waɗanda suka sa hannu tun farko. Amma ba bindiga kaɗai ke kashe damisa ba. Tarkon waya da a ke ɗana wa gada da mazo bai san bambanci ba, duk ƙafar da ta shiga tasa ce. Sa'an nan in an kwashe gada da mazo da gadu an kai tukunya, me damisa za ta ci? Sai ta juyo kan akuya, mai akuya kuwa ya zuba guba a mushe. Bayan wannan ga masu zarto sun bi madobiya, ga masu gawayi sun bi sauran. Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Kaciya ko ta Abuja da safe ya ga buhunan gawayin da ke shigowa garin nan. Ni ma da shi a ke dafa mini tuwo, ba zan ɓoye muku ba, domin gas da kananzir sun fi ƙarfin albashin akawu.

Wani zai ce, to, ta ƙare mana, ina ruwan talaka da damisa? Akwai ruwansa. A ƙasar Gana an bi littattafan ma'aikatan gandun daji na shekaru fiye da 30, aka ga cewa inda zaki da damisa suka ɓace, gwaggon biri ya yi yawa ƙwarai, ya fito yana fasa gonaki, har wasu iyaye suna hana yara zuwa makaranta don su tsare masara. Manomin da ya taɓa kwana a kan rumfar gona yana buga gwangwani ya san abin da na ke faɗi. Damisa ɗan doka ce da ba a biyanta albashi, ba ta kuwa karɓar cin hanci. Har wa yau, dajin da ya iya riƙe damisa daji ne mai nama, mai inuwa, mai rafin da ba ya ƙafewa da rani, kuma daga irin waɗannan dazuzzuka ruwan da mu ke gani a ƙarƙashin gadar Kaduna ya ke tarowa.

Yanzu sai mu zo ga bidiyon yaron nan. Abin da a ke nuna mana shi ne minti ɗaya na buɗe keji. Ba a nuna mana abin da ya faru bayan wata uku. Hausawa sun yi mata kirari da damisa ƙi sabo, kuma ba a banza ba. Kowace damisa tana da yankinta, ta san duwatsunsa, ta san mashayarsa, tana yi masa alama da fitsari da kartar itace. In ka ɗauke ta ka jefa a wani daji, ɗayan biyu ne. Ko ta tarar da mai wurin, su yi faɗa a kori baƙuwa, ko kuwa ta kama hanyar komawa inda aka kamo ta, ta ratsa ƙauyuka da gonakin da ba ta sani ba, ga yunwa ga firgita. A nan ne ɓarna ta ke aukuwa.

An gwada an gani a Indiya. A wani yanki mai suna Junnar cikin jihar Maharashtra, damisoshi suna zaune cikin gonakin rake, suna kama karnuka da awaki, amma da wuya su taɓa mutum. Daga 2001 hukumar daji ta shiga kama su tana kai su wasu dazuzzuka tana saki, wai don a sauƙaƙa wa mutane. Wata masaniya mai suna Vidya Athreya da abokan aikinta suka bi lissafin, suka ga cewa kafin a fara wannan aiki, kimanin mutum 4 damisa ta kan far wa a shekara, bayan an fara kuwa abin ya kai kimanin 17. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 2011 gwamnatin Indiya da kanta ta fitar da ƙa'idojin da suka ja kunnen ma'aikata game da irin wannan kwashe-kwashe.

Wadda aka rena a hannu kuwa, nata ya fi wuya. Ɗan damisa ya kan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu tare da uwarsa, a wurinta ya ke koyon sanɗa, da kamun maƙogwaro, da hawa itace da nama, da gudun ɗan Adam. Wanda maharbi ya kashe uwarsa ya ɗauko shi cikin kwando, aka shayar da shi da madarar gwangwani a gidan wani attajiri, abin da ya sani shi ne abinci daga hannun mutum ya ke fitowa. Ka sake shi a daji, in yunwa ta kama shi, ƙauye zai nufa. Ba yaron mai kuɗin da ya rene shi zai tarar a can ba, 'yar talaka zai tarar ta je ɗiban ruwa.

Amma kada a ce na ce abin ba ya yiwuwa. Ya yiwu, kuma a ƙasar baƙar fata, ƙasar da ba ta kai mu arziki ba. A Malawi akwai wani gandu mai suna Majete, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 700, mafarauta sun share shi har ba sauran abin kirki. A 2003 gwamnatin ƙasar ta yi yarjejeniya da wata ƙungiya mai suna African Parks. Ba da damisa suka fara ba. Suka ɗauki masu gadi suka horar da su suna biyansu a kan kari, suka kewaye dajin da shinge, suka zauna da ƙauyukan da ke gefe, suka zuba dabbobi masu cin ciyawa fiye da 2,000, suka kawo karkanda, suka kawo giwa a 2006. Sai a 2011, bayan shekara takwas, aka kawo damisa daga Afirka ta Kudu, zaki kuwa a 2012. Kun ga tsarin. Aka fara da mai gadi, aka bi da maƙwabci, aka bi da abinci, damisa ta zo daga ƙarshe kamar amarya. Mu a nan na san halin manyanmu. Da amaryar za a fara, a kafa rumfa, a kira 'yan jarida, a yanka kyalle, a ci shinkafa, ɗakin kuwa ko tubali ba a buga ba.

To, mu duba namu ɗakin. Gandun Kamuku yana ƙasar Birnin Gwari, kimanin kilomita 120 yamma da garin nan. En'e ta keɓe shi a 1936, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1999 ta mai da shi gandun ƙasa, faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 1,100, watau ya fi Majete girma. Ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. An san shi da giwa da gwanki da gwaggon biri. A takarda, in ana neman inda za a sa damisa a Jihar Kaduna, ba inda ya fi shi. Amma kowa a kasuwar nan ya san waɗanda suka zauna a cikinsa. Ɓarayin shanu suka fara, har a 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da shi suka haɗa kuɗi aka tura sojoji. Aka kwato shanu, aka yi hotuna, sojoji suka janye, mutanen suka komo da manyan bindigogi, suka bar satar shanu suka koma satar mutane. Direbobin da suka yi shekaru suna bin hanyar Birnin Gwari da rakiya sun fi ni sanin wannan. A watan Maris 2021 aka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, nan bayan gari, aka kwashi ɗalibai 39. Ku ji fa, yaran da a ke koya wa kiwon daji, su aka kora cikin daji kamar tumaki, wasunsu sai a watan Mayu suka ga iyayensu.

Gaskiya ne a watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe, motoci suka koma bin hanya, hatsi ya soma fitowa. Ba na raina wannan, wanda ya ga buhun masara ya iso Kakuri lafiya ba zai raina ba. Amma buɗe kara daban, karɓe daji daban. Abin da mu ke so Gwamnati ta faɗa mana a fili shi ne, masu gadi nawa ke kwana cikin Kamuku yau, har ina su ke iya shiga, kuma yaushe aka yi ƙidayar namun da suka rage? Mutanen da suka yi shekara goma a daji da bindiga ba ganye suka riƙa ci ba.

Sa'an nan ga maganar kayan aiki. A watan Disamba 2015 zaki ya kuɓuce daga gidan namun daji na Jos, ƙarshenta harbe shi aka yi. A watan Oktoba 2019 wani ya fita daga kejinsa a gidan zu na Audu Bako a Kano, aka kusa kwana biyu ana fama kafin a mai da shi. Waɗannan fa a tsakiyar gari ke nan, cikin katanga. Wanda zai saki damisa a daji yana bukatar likitan dabbobi mai bindigar allurar barci, da abin wuya mai na'ura wanda zai nuna inda ta ke dare da rana, da mota mai mai a ciki wadda za ta isa ƙauye kafin gari ya waye in ta doshi garke. Wanne daga ciki mu ke da shi a shirye?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na maƙwabtan dajin. Iyayenmu ba su manta da yadda aka yi gandun daji a zamanin Turawa ba. Aka zo da awo aka ja layi, ba a tambayi kowa ba, gonar kakanka ta wayi gari cikin gandu. Matarka ta shiga ɗebo itace, malamin daji ya kama gatarinta, a kai ka gaban alkali a ci ka tara. Mai lasin kuwa ya shigo da bindigarsa ya harbi abin da ya ga dama. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ba ta sake wannan hali ba. Daga nan talaka ya ɗauka daji na Gwamnati ne, abin da ya same shi ba ruwansa, sai bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. In za a komo da damisa bisa wannan tsohon tsari, watau riba ta Abuja, hasara ta mai akuya, to, na rantse ba za ta yi damina biyu ba za a sa mata guba, kuma ba zan ga laifin wanda ya sa ba. Tilas a rubuta diyya cikin doka tun kafin a kawo ta, a faɗi kuɗin akuya, a faɗi na maraƙi, a faɗi wanda zai biya da kwanakin da zai biya a ciki, ba a ce wa mutum ya je Kaduna ya cika takarda ya dawo wata mai zuwa ba. Masu gadi kuma a ɗauke su daga 'ya'yan ƙauyukan, har da maharba, domin su suka san sawu. A Gashaka Gumti, tun da hukumar gandun ta yi yarjejeniya da wata ƙungiyar 'yan ƙasa mai suna ANI a 2017, haka a ke yi, kuma can ne damisar ta ke.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa, akwai tamu. Ba sai na faɗi rumfa ba, kowa ya san inda a ke samun guntun fata da farce da haƙori a ƙarƙashin tebur, na laya da na ado. Dokar soja ta 11 ta 1985 ta hana, gyaran 2016 ya kai tarar har Naira miliyan 5, a watan Oktoba 2025 kuma Majalisar Dattawa ta amince da wata sabuwa mai tsanani. A watan Oktoba 2023 hukumar NESREA ta ƙone kusan tan 4 na ɓawon ɗankunya a Abuja, tare da kilo 110 na fatun damisa da mesa da kada. Mun san wanda a kan kama, mai tebur ne, mai kwantena kuwa yana gida yana shan iska, kuma wannan zalunci ne da ba za mu daina faɗa ba. Amma duk da haka, cikin 350 in an cire ɗaya an yi babban gibi, kuma rabin abin da a ke sayar muku da sunan damisa fatar akuya ce aka ɗiga wa baƙi. A Afirka ta Kudu mabiya cocin Shembe, waɗanda su kan yafa fatar damisa wajen bikinsu, sun karɓi mayafin saƙa mai kama da ita tun 2013, an raba fiye da 18,000, bikinsu bai ragu da kome ba. Da na karanta wannan sai na tuna masaƙar KTL da ke nan bayanmu, wadda aka buɗe a 1957 aka rufe a 2002. Da tana aiki, ai irin wannan yadi a Kakuri za a buga shi a sayar wa Afirka duka.

Saura tambaya ɗaya. In gobe kwastan suka kama damisa mai rai a mota, yaya za a yi da ita? Ra'ayina, a fara sanin inda aka kamo ta, likita ya duba ta. In babba ce, kamun kwanan nan, mai lafiyar haƙori da ƙafa, mai gudun mutane, a mai da ita dajin da ta fito in yana da masu gadi, da na'ura a wuyanta, bayan an gaya wa masu unguwanni da ardo-ardo. In renon gida ce, a yi mata fili mai faɗi da itatuwa a ciyar da ita har ƙarshen ranta, kada a yaudari kowa da bikin saki. Kamuku kuwa a bar maganar damisa tukuna. A mai da masu gadi, a kwashe tarkuna, a bar gada da mazo su hayayyafa, a mai da mutanen ƙauyuka gonakinsu. Malawi ta yi shekara takwas tana wannan shiri, ba kuwa da 'yan bindiga ta yi fama ba.

Dattijon nan mai hatsi ya ce mini zai je ya dubo gonarsa kafin ruwan fari, shi kaɗai, iyali su dakata tukuna. Na roƙe shi in ya je ya sauka bakin rafin da ke bayan garinsu da sassafe, ya duba laka, in ya komo ya gaya mini sawun da ya gani, na gada da mazo ne ko kuwa na babur.